Wutar Gidan Wasu

A shekarun da fari ya cinye amfanin gona, tsadar kaya ta biyo bayansa har sabulu ya zama abin ɓoyewa a ƙasan akwati, muna zaune ne a Safana, a wani gidan ƙasa mai zaure ɗaya can gefen gari. Mahaifinmu duba-gari ne. Aikinsa ya shiga gida gida, ya leƙa randa, ya duba masai da kwata, in ya ga tsutsa a ruwa ya sa a zubar da shi a gabansa. Babu gidan da bai shiga ba a garin nan, kuma babu mutum ɗaya da ya taɓa wuce zaurenmu. Mu biyu ne 'ya'yansa, ni Rabi da yayana Nuhu. Sai Umma, mace mai yawan shiru, sai kuma kakarmu Iya, mahaifiyar Baba, wadda aka ɗauko daga ƙauyensu Darini da yunwa ta tsananta a can.

Kafin mu akwai wani, Aminu, shi ne babba. Tun Baba na aiki a Batsari aka tafi da yaron gidan suna, ya sha kunu, amai da gudawa suka ɗauke shi kafin a ankara. Ban san shi ba, amma shi ya tsara mana rayuwa. Daga ranar Baba ya rufe ƙofa. Ba ma cin abincin kowa, ba ma shan ruwan kowa, ba ma shiga gidan kowa. In maƙwabta sun aiko da tuwo, kamar yadda ake yi, a zaure ake karɓa, a yi godiya, a juye wa kaji. Makaranta a kan kekensa yake kai mu, kowa da kwalbar dafaffen ruwa a jaka, kuma ya roƙi hedimasta a riƙa barinmu a aji in an fita hutun tara. Karatun allo shi yake biya mana. Salla ma a zaure suke yi shi da Yaya Nuhu, ranar Juma'a kaɗai suke fita masallaci, su dawo tun mutane ba su gama gaisawa ba.

Bai taɓa dukanmu ba, wannan kam zan shaide shi. Labari yake ba mu. Kullum in ya dawo aiki, ya wanke hannu har gwiwa, sai ya zauna ya faɗa mana abin da ya gano: gidan da ake wanke yaro da kwanon tuwo a ruwa ɗaya, gidan da ɓera ya mutu a randa aka yi ta sha ba a sani ba, gidan da mai tari ke tofa yawu kusa da turmi. Ba na jin ƙarya yake yi. Abin dai shi ne bai taɓa dawowa da labarin gida mai tsabta ba, ko na wani da ya yi masa kirki, alhali da idonsa kaɗai muke ganin Safana. Na tashi ina jin duk wanda ke bayan katangarmu yana ɗauke da abin da zai kashe ni, ko da kuwa murmushi yake yi mani.

Iya ba ta son wannan zama, amma ba ta da bakin faɗa. Baba ɗanta ne na fari, ita kuma mutuniyar da ce, mai riƙe da kunya. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama su yi hira, in ya shigo tsakar gida sai ta duƙa tana neman abin da bai ɓace ba a cikin kwando. In tana son a gaya masa wani abu, Umma take kira ta ce, "Ki ce ma mutumin nan gishiri ya ƙare." Maganar da ta fi ƙarfin a aiki Umma da ita kuwa, sai ta sa ta a tatsuniya.

Kalanzir ya yi wuya a lokacin, ba a kunna fitila sai da dalili. Saboda haka da an idar da magariba, an ci ɗan abin da ya samu, sai mu hallara a murhun Iya da ke ƙofar ɗakinta. Takan binne 'yar gyaɗa a toka mai zafi, ta tone ta da kara, ta raba mana, ta ƙara wa Yaya Nuhu ɗaya tana ce masa angonta, mai rowar kuɗin cefane. Baba yana zaure da rediyonsa, ya rage murya don tattalin batir. Tsakaninmu da shi ba nisa, amma Iya takan ɗaga murya fiye da yadda yara biyu ke bukata. Tana da tatsuniyoyi masu ban dariya da yawa, na dabbobi da na wawaye, sai dai akwai ɗaya da take yawan maimaitawa har ta ishe mu, ta wani mutum da take kira Mai Shinge. Takan zungure wuta ta ce, "Ga wata nan tahe, ku matsa mata." Mu kuma mu ce mun matsa, ta zauna.

Wai an yi wani mutum da matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya uku: namiji babba, mace a tsakiya, da ɗan auta. Sai ya kwashe su ya koma bayan wani dutse, ya kafa bukka, ya kewaye ta da shingen ƙaya mai kauri wanda ko zomo ba ya ratsawa. Ya ce wa yaran duniya ta lalace, mutanen kirki sun ƙare, saura su huɗu. In iska ta kawo kiɗan biki daga nesa, sai ya ce kukan waɗanda ake yankawa ne. In sun hango hayaƙi ya tashi bayan dutse, sai ya ce wutar waɗancan ce, baƙar wuta, duk wanda ya ci abin da aka dafa da ita zai manta ubansa, daga nan ya bushe a tsaye. Don kada wata rana su bukaci wutar wani, kullum akwai gungumen kirya a murhunsa, yana ci a hankali ƙarƙashin toka, rani da damina.

A nan Iya takan dakata ta ce, "Kun san dai ba a rasa wuta cikin gari. In taka ta mutu, kasko za ka ɗauka ka shiga maƙwabta. To shi wanga abin da ba shi so ke nan." Haka kuwa ake yi a wancan zamani. Da safe in muka leƙa ta tsagar ƙyauren zaure, mukan ga 'yan mata suna ratsa layi da garwashi a kasko, suna kare shi da tafin hannu. A gidanmu ne kawai ake sayen ashana komai tsadarta, kuma bai taɓa zuwa mana a rai mu tambayi dalili ba.

To wata rana Mai Shinge ya yi tafiya. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, bukka ta yi yoyo daidai murhu, wuta ta mutu murus. Yara suka yi ta tauna ɗanyen gero har cikin ɗan auta ya kumbura, ya kwanta yana nishi. Babban ya ce a jira ubansu. Yarinyar ta dubi ƙanenta, ta ɗauki kasko, ta kwanta rub da ciki ta kutsa ta ƙarƙashin ƙaya, ta nufi inda hayaƙi ke tashi tana kuka, domin ta riga ta sallama ranta. Da ta zagaya dutse sai ga gari. A gidan farko ta tarar da wata mata tana tuƙa tuwo, yara sun kewaye ta. Yarinyar ta tsaya ƙyam da kasko a hannu, don ba a taɓa koya mata sallama ba. Iya takan sauya murya a nan, ta yi ta matar: "Ke ɗiyar wa ce, ba sallama ba gaisuwa? Wuta kike so? Ɗiba mana, ai ba saida ta ake ba." Matar ta zuba mata garwashi, ta kuma yanko tuwo ta miƙa mata. Yarinyar ta tsaya tana kallon 'ya'yan gidan suna ci, tana jiran su bushe. Da ta ga sun cinye sun hau kokawa, sai ita ma ta ci.

Ta dawo gida ta hura wuta, ta dafa, ɗan auta ya ci ya tashi. Babban kuwa ya ƙi ko kallon tukunyar, yana ta duba hannun ƙanwarsa ko ta fara bushewa. Uban na dawowa ya tare shi tun daga bakin shinge ya faɗa masa. Mai Shinge bai yi faɗa ba. Ya ɗebo ruwa ya kashe wutar, ya kwashe tokar ya zubar nesa, ya ƙyasta tasa sabuwa, ya ƙara ƙaya a inda aka kutsa. Amma yarinyar ta riga ta ga abin da ta gani. Ba a daɗe ba ta goya ƙanenta suka fice, suka shiga cikin mutane, suka yi aure suka hayayyafa. Uban ya tsufa ya mutu. Gara ta ci shinge, ruwa ya kwashe saura, har awakin gari suka riƙa ratsa wurin suna kiwo. Shi kuwa babban yana nan. Kullum da safe yakan zagaya daidai inda shingen yake a da, ya tsaya, ya koma bukka, har furfura ta rufe shi. Iya takan rufe wutarta da toka ta ce, "Iyakarta ke nan, ku tashi ku ba ni wuri."

Ni dai haushin tatsuniyar nake ji. Ba a ba kowa sarauta, ba a kashe kowa, ba waƙa a ciki. Wata rana na ce wa Iya ta gyara ƙarshen, a zo a fitar da babban. Kafin ta amsa Yaya Nuhu ya ce ai babban shi ne mai gaskiya, tunda shi ya bi maganar ubansa, kuma ga shi ya rayu har ya tsufa. Iya ta dube shi. Ta ce, "Angona, Allah shi buɗe maka." Ba ta ƙara yin wasa ba a daren. Sai da na girma na fahimci cewa ba don Baba take ɗaga murya ba kawai. Shi ta riga ta fid da rai da shi. Nuhu take ƙoƙarin ƙwatowa, yaron da ya kusa zama saurayi bai taɓa yin sallama a ƙofar wani shi kaɗai ba.

Cikin wata damina aka kira Baba Batsari wani aiki, zai kwana. Da gari ya waye sai Iya ta ce wutarta ta mutu. Matar da tun da muka san ta ba ta taɓa tone toka ta rasa garwashi ba. Umma ta nemi ashana a inda ake ajiyewa, babu ita babu dalilinta. Iya ba ta nuna wani mamaki ba. Ta ɗauko kasko ta miƙa wa Yaya Nuhu, ta ce ya shiga gidan Inna Dije ya ɗebo. Inna Dije maƙwabciyarmu ce katanga ɗaya, Bafulatana, fari ya kashe musu yawancin shanu suka zauna suna noma da 'yan ragowar. Yaya Nuhu ya mayar da hannuwansa baya ya ce Baba ya hana. Iya ta lallashe shi, ta zolaye shi, ta ce wane irin ango ne zai bar amaryarsa da yunwa. Ya kafe. Hantsi ya fara ɗagawa, ni kuwa cikina na kuka, sai na karɓi kaskon. Ba jarumtaka ba ce, yunwa ce kawai.

Na san gidan a bakin Baba: gidan ƙuda, gidan da maraƙi ke sa baki a ƙwaryar da mutane ke sha. Na shiga ina riƙe numfashi. Ƙudan suna nan, gaskiya ne, maraƙin ma yana nan ɗaure a turke. Amma tsakar gidan a share take ƙal, ga ƙoren nono jere a kan gado na kara, an goge su sun yi fari tas, kuma wannan Baba bai taɓa faɗa ba. Na yi sallama da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. Inna Dije ta ɗago ta dube ni, ta yi dariya ta ce, "Yau ɗiyar duba-gari ce a gidana? To ki duba randa da kyau, kada ki kai ƙara." Ta zuba mani garwashi, ta ɗora ɗan busasshen kashin shanu a kai don kada ya mutu a hanya. Sannan ta ɗebo nono a ludayi ta miƙo mani. Na sha. Ban taɓa shan abu mai daɗinsa ba, kuma tun kafin in kai zaurenmu na fara jiran mutuwa.

Ban mutu ba. Na wuni garau, na kwana garau. Yaya Nuhu yana ta satar kallona, kuma na lura zuwa yamma kallon ya fara sauyawa, har ya tambaye ni a ɓoye ko da gaske akwai maraƙi. Washegari Baba ya dawo. Bai gama jingine keke ba Yaya Nuhu ya faɗa masa komai, ba don mugunta ba, haka aka saba mana. Baba bai ɗaga murya ba. Ya duba idona da harshena. Ya shiga ɗaki ya jiƙo gishirin wankin ciki a kofi, ya ce in shanye, a fitar da abin tun bai kama jiki ba. Na shanye. Abin da gishirin wankin ciki ke yi shi ya yi. Na wuni ina zarya tsakanin tabarma da masai har ƙafafuna suka daina ɗaukata. Baba ya zauna kusa da ni yana ba ni dafaffen ruwa da cokali, idonsa jajir. Can ya juya ya dubi Yaya Nuhu, wanda ke tsaye jikin bango, ya ce masa a hankali, "Ka gani ko? Haka Aminu ya fara."

Har yau ban san ko Baba ya san abin da ya yi ba. Na fi zaton shi a ransa cetona ya yi. Ni na san da lafiyata kafin kofin nan, jikina ya shaida mani, duk da haka sai da na yi watanni ina kokwanto. Yaya Nuhu kuwa ba shi da abin da zai auna da shi sai abin da idonsa ya gani: na sha nonon maƙwabta, na kwanta.

Da na warke muka koma murhu, sai ga tatsuniyar Mai Shinge ta yi sabon reshe. A wannan karon, bayan uban ya kashe wutar, sai ya ce wa yaran dafin baƙar wuta ba ya kamawa nan take, a hankali yake bin jiki. Daga ranar in yarinyar ta yi tuntuɓe sai ya ce ga shi ya fara. In kanta ya yi ciwo sai ya ce ga shi nan. In ta yi shiru ya ce ta fara manta ubanta, in ta yi magana ya ce ba muryarta ba ce. Har ita kanta ta riƙa tsungulin hannunta da safe ta ji ko ya bushe. Iya na cikin wannan sai muka ji rediyo ya yi tsit. Baba ya shigo ya tsaya a tsakar gida. Bai dubi Iya ba, Umma ya duba, ya ce a daina cika wa yara kai da ƙarya.

Iya ba ta ɗago daga kallon wuta ba. Ta ce, "Isa." Sai da na ɗan yi tunani kafin in gane da wa take, domin ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ta ce, "Isa, Aminu ya riga ya tahi. Waɗanga biyu suna da rai." Umma ta sunkuyar da kai. Baba ya juya ya koma zaure, kuma bai sake kunna rediyon ba a daren.

Da kaka ta yi, abinci ya ɗan samu, Iya ta ce za ta koma Darini. Ta aiki Umma ta roƙa mata a ba ta Nuhu ya yi hutu a can, ya ga dangi, ya ga gona. Mun zaci Baba zai ƙi. Sai ya ce a tambayi yaron, in yana so ya tafi. Ina jin ya san amsar. Iya ta kira Yaya Nuhu har ɗakinta, ta daɗe tana yi masa magana, ta faɗa masa sunayen 'yan uwansa da ke can, da rafi, da kasuwa. Ya saurare ta da ladabi har ta gama, sannan ya tambaye ta ko ana dafa ruwan sha a Darini. Ta hau akori-kura ita kaɗai da ƙullin kayanta. A can ta rasu bayan wasu shekaru, kuma Baba kaɗai ya je.

Ni makarantar kwana ce ta fitar da ni, daga nan aikin koyarwa, daga nan aure a Batsari. Ban fita tsaf ba. Har gobe in aka ajiye mani abinci a gidan mutane sai na ɗan yi jinkiri kafin in kai loma ta farko baki. Yaya Nuhu shi ma ya sami makarantar kwana, amma bai iya cin abincinsu ba, aka dawo da shi ya rame kamar kara. Ya zauna gida yana noma gonar bayan gida shi kaɗai, ba ya zuwa gayyar kowa, ba ya kiran kowa tasa. An yi masa aure da wata 'yar dangin Umma, ba ta kai shekara ba ta ce ba za ta iya ba. Umma ta rasu a asibiti a Katsina, danginta suka yi mata sutura a can. Gida ya rage daga Baba sai Yaya Nuhu. Da shekarun 'yan bindiga suka zo, hanyoyi suka lalace, kowa ya shiga rufe ƙofa tun da rana, duk lokacin da na je gaisuwa Baba kan ce mani, "To kin gani." A lokacin kuwa waje ya zama abin tsoro da gaske.

Wata rana bayan sallar asuba Yaya Nuhu ya kira ni a waya ya ce Baba ya cika. Kafin in sami mota in iso Safana rana ta ɗaga sosai, ina ta fargabar kada a kai shi ban gan shi ba. Da na shigo layinmu sai na ga babu tabarma ko ɗaya a ƙofar gida, babu mutum, ƙyaure a rufe. Na tura na shiga. Yaya Nuhu na zaune a gefen gadon Baba, ya lulluɓe shi da wankakken mayafi, ya share ɗakin. Na tambaye shi ko an sanar da liman. Ya girgiza kai. Maƙwabta fa? Ya dubi hannuwansa ya ce, "Na yi ta zuwa bakin zaure ina dawowa. Rabi, ban san yadda ake shiga ba."

Ni na fita, na shiga gidan maƙwabtanmu. Inna Dije ta daɗe da rasuwa, ɗanta ne mai gidan yanzu, na faɗa masa. Kafin in koma layin ya fara cika. Mutanen da Baba ya zubar wa iyayensu ruwan randa su suka haƙa kabarinsa, su suka ɗauke shi a kafaɗa. Babu wanda ya tambayi me ya sa aka makara. Daga nan kwanoni suka fara shigowa, kamar yadda ake yi wa gidan rasuwa, tuwo da dambu da kunu da fura, daga gidajen da su ma ba su da wani abin kirki a rumbu. Yaya Nuhu ya zauna a kan tabarma cikin maza yana karɓar gaisuwa, yana amsa "amin" a makare, kamar mai koyon karatu.

Ina zaune cikin mata a ranakun nan na yi ta tunanin tatsuniyar Iya. Da ina yarinya na ɗauka labarin mugun uba ne. Baba ba mugu ba ne. Ya binne ɗa ɗaya, ya ƙudurta ba zai binne na biyu ba, kuma bai binne ba. Abin da Iya ta gani, mu ba mu gani ba, shi ne cewa wanda ya hana yaro fita ya kuma zama shi kaɗai ke ba shi labarin waje, ba ƙafarsa kawai ya ɗaure ba. Ya karɓe masa abin da zai gwada maganar da shi. In an kai nan, ko gaskiya ta zo har ƙofa, da ma'anar da aka riga aka ba ta za ta shigo. Shi ya sa ta ƙi gyara ƙarshen da na roƙa. Ta san yarinyar da ta fita ba ta bukatar tatsuniya, kuma tana tsoron wanda ya zauna ba mai zuwa ya fitar da shi. Na ji tausayin Baba, na ji haushinsa, kuma ban ga dalilin zaɓar ɗaya ba.

Da yammacin rana ta biyu, mutane sun ɗan ragu, ina tattara kwanoni a bakin madafa, sai ga Yaya Nuhu ya zo ya tsaya. Furfura ta fito masa a gemu, leɓɓansa sun bushe, sai a lokacin na gane tun rasuwar bai sa komai a bakinsa ba. Abinci na jere tun daga zaure har inda yake tsaye, wani ma da sauran ɗuminsa. Ya rage murya don kada matan da ke ɗaki su ji, ya ce, "Rabi, ki ɗan dama mani ko koko ne, da hannunki."

Na buɗe baki zan ce masa mutanen nan su suka wanke Baba, su suka sa shi a kabari, sai na fasa. Abin da Iya ta kasa a bakin murhu yana yaro, ba ni zan iya shi ba a yini ɗaya. Na wanke tukunya na ɗora. Bai koma cikin maza ba, ya tsaya a kaina yana kallo har sai da ya ga ruwan ya tafasa.